Peterhof ko Fadar Catherine: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka a St. Petersburg?

Mai kwana uku a St. Petersburg, birnin da Sarki Peter ya kafa a 1703, wanda ya zama mazaunin sarakunan Rasha kusan shekara 200, ba zai gama zagaya fadojinsa ba. Kowace fada kuma da kuɗin shigarta. Gara ka tsayar da shawara tun kana gida.

Gidan tarihi na Hermitage kam ba ya cikin ciniki, dole ne. Yana Fadar Hunturu a bakin kogin Neva, kayan da ke cikinsa sun kai kusan miliyan 3, tun daga zane-zanen da Sarauniya Catherine ta Biyu ta fara tarawa a 1764. Ka ware masa yini guda, amma ban da Litinin, ranar a rufe yake. Inda ake rasa na zaɓa shi ne tsakanin fadoji biyu na wajen gari, don kowace tana cin yini.

Peterhof tana yamma da birnin, kimanin kilomita 30, a gaɓar tekun Finland. Abin da ake zuwa gani a can ruwa ne. Lambun cike yake da maɓuɓɓugai masu feshi sama, kuma abin da ya fi burge ni, babu injin da ke tura ruwan. Daga tuddai yake gangarowa, nauyinsa kaɗai ke cilla shi sama, kamar yadda aka tsara tun zamanin Peter. Sai dai ana kunna su ne daga wajajen Mayu zuwa Oktoba. Wanda ya je a Janairu zai tarar da gumaka a rufe da dusar ƙanƙara. Jirgin ruwa mai gudu da ake kira Meteor yana tashi kusa da Hermitage, ya sauke ka a bakin lambun cikin minti 40 ko ƙasa da haka. Ya fi motar haya da jirgin ƙasa tsada, saboda haka ka tafi da shi, ka dawo ta ƙasa. Tikitin lambu daban yake da na cikin fada, kuma idan aljihu ya yi sanyi na lambun ya wadatar.

Fadar Catherine tana garin Pushkin, kilomita 25 kudu. Ita abin kallonta a ciki yake, musamman ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da amba, wato ƙaron itace da ya daskare ya zama kamar dutse mai ruwan zuma. Sojojin Jamus sun kwashe na asali a 1941, har yau ba a gan shi ba. Wanda ake gani yanzu an kammala shi a 2003. Da bazara layin shiga yana da tsawo ƙwarai. A gefen fadar akwai makarantar da mawaƙi Pushkin ya yi karatu. Kakan mahaifiyarsa, Abram Gannibal, ɗan Afirka ne, wasu masana tarihi ma suna cewa daga Logone-Birni yake, a arewacin Kamaru.

A ganina lokacin tafiyarka ne zai raba gardama. Daga Mayu zuwa Satumba ka ɗauki Peterhof. Da hunturu ka nufi Fadar Catherine, ga ɗumi a ciki, ga ƙarancin jama'a.

Tun 2022 katunan Visa da Mastercard na bankunan waje ba sa aiki a Rasha, sai ka riƙe tsabar kuɗi ka canja zuwa rubul. Babban masallacin birnin mai shuɗiyar ƙubba, da aka buɗe a 1913, yana kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gorkovskaya. Idan kuma a watan Yuni ka je, lokacin da dare ba ya yin duhu, ka kula da agogo. Bayan ƙarfe 1 na dare ake ɗaga gadojin Neva don jiragen ruwa su wuce, wanda masaukinsa ke tsallake zai jira har wajen asuba.