Giwa a fada, zuciya a tafin hannu: wace waƙa ce ba ta da ma'ana?

Ɗan'uwa, ka ce kana cikin A Daidaita Sahu aka saki wata waƙar soyayya, mawaƙin yana cewa ya ciro zuciyarsa ya damƙa wa yarinya, kuma rabonsa da barci shekara guda. Sai ka tambaye mu, wanda babu zuciya a ƙirjinsa da me yake numfashi har ya rera waƙa? Ka ƙara da cewa waƙoƙin da iyayenmu suka saurara ba haka suke ba, su komai nasu da ma'ana. Rabin maganarka na yarda da ita, rabi kuwa sai mun zauna. Bari mu jera waƙoƙin biyu kafaɗa da kafaɗa.

Fara da makaɗan fada. Idan da ma'aunin nan naka za a auna su, su ne za su fara faɗuwa. Makaɗi zai tsaya gaban sarki, mutum mai ƙafa biyu da rawani, ya kira shi toron giwa, ya kira shi zaki, ya ce shi ne bango, shi ne hadarin da ya taso daga gabas. Sardauna Ahmadu Bello ya rasu tun 1966, amma har gobe idan aka ce Gamji kowa ya san da wa ake, alhali gamji itace ne. Kano ma tumbin giwa ake ce mata. Makaɗan 'yan dambe irin su Ɗan Anace sun fi haka zuzutawa, don a bakinsu ɗan dambe ajali ne mai tafiya da ƙafa. Malaman adabi suna kiran wannan salo kambamar zulaƙe, kuma ya girmi rediyo, balle situdiyo. Saboda haka mai cewa ya ba da zuciyarsa bai zo da sabon laifi ba. Mu kanmu kullum muna cewa hankalinmu ya tashi, cikinmu ya ɗuri ruwa, gabanmu ya faɗi, babu wanda ya taɓa sunkuyawa ya duba inda gaban ya faɗa.

Inda waƙoƙin biyu suka rabu shi ne nan. Giwar makaɗin fada tana da inda aka ɗaure ta. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin gamji da rana tsaka, ya ga faɗin ganyensa da yadda inuwarsa take ɗaukar 'yan kasuwa da dabbobinsu gaba ɗaya, ba ya buƙatar a fassara masa abin da ake nufi da Sardauna. Tumbin giwa kuwa, komai ka zuba masa ya shanye, haka Kano take da baƙi da hajarsu. Bango abin jingina ne. Kowace siffa idan ka bi sawunta za ta kai ka ga wani abu da ido ya gani, ta kuma faɗa maka wani hali takamaimai na wanda ake yi wa waƙar. Ba za ka ɗauke giwa ka sa zomo a gurbinta waƙar ta zauna daidai ba.

Akwai kuma wuraren da tsohuwar waƙa take yi mana kamar shirme, alhali mu ne muka rasa mabuɗinta. Ina yaro, kawuna yakan kunna rediyo da hantsi yana gyaran kekensa, in aka sako kiɗan kotso sai in ga ya ajiye sifana yana murmushi shi kaɗai. Wata rana na ce, "Kawu, me ya kawo maganar kura da jemage cikin waƙar sarki?" Ya ce, "Kai yaro, ai ba da dabba ake ba. Zambo ne. Wani ɗan sarki ne ya nemi sarautar bai samu ba, shi ake yi wa." Ya ce ranar da aka rera ta a fada ba wanda bai gane mutumin ba, don an siffanta tafiyarsa da gemunsa, sunansa kawai aka ɓoye. Yau mutanen sun shuɗe, an bar mu da kura da jemage. Ka haɗa da cewa manyan makaɗan nan da yawa mutanen ƙasar Sakkwato da Zamfara ne, Ibrahim Narambaɗa daga Tubali, Musa Ɗanƙwairo daga Maradun, da Sakkwatancinsu suke waƙa, "yaz zo" a maimakon "ya zo", "hwada" a maimakon "fada". Bakano ko Bazazzagi na yau zai iya jin ɗan waƙa guda ya wuce shi bai kama komai ba.

To, waƙar zamani fa? Ciwonta a wajen ƙira yake. Makaɗin gargajiya da maganarsa yake fitowa, kalangu ko kotso su bi bayanta, don waɗannan ganguna ne masu kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe. A situdiyo sau da yawa abin juyewa yake yi. Na taɓa raka wani abokina wata situdiyo a Kano, na ga yadda ake yi da idona. Mai fiyano ya riga ya haɗa kiɗa, mawaƙin ya sa abin ji a kunne yana bin karin da "la la la", sannan ya ɗauki biro ya jera kalmomi a gefen takarda: zuciya, duniya, gaskiya, lafiya, rijiya, tsintsiya. Daga nan ya shiga neman abin da zai cike gaban kowace. Rijiya ta shiga waƙar ne don ta ƙare da "ya", ba don masoyiyar tana da wata alaƙa da ruwa ba. Irin wannan ɗangon, wato layin waƙa, shi ne idan ka bi sawunsa ba ya kai ka ko'ina, kuma a nan nake tare da kai ɗari bisa ɗari. Abin yana yi mini ciwo, don muryoyin yaran nan masu daɗi ne, harshen kuma ba talaka ba ne da za a ce kalma ta ƙare.

Wani abin kuma, idan aka aro karin waƙar Indiya aka cusa masa Hausa, karin sautin kalma yakan karye. Fata na buri da fata ta jiki sauti ne ya raba su, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Idan kiɗa ya tilasta wa murya ta sauka inda ya kamata ta tsaya sama, sai kunne ya ji wata kalmar daban, mai sauraro ya ce waƙar ba ta da kai.

Amma kada mu yi wa na yau rashin adalci. Kalmar da ba ta da fassara ba su suka ƙirƙiro ta ba. "Ayye yaraye nanaye" da 'yan mata suke yi a dandali wajen gaɗa, wa zai ce ga ma'anarta? Aikinta ta riƙe tafi da rawa, ta ba mai bayarwa damar numfasawa, kuma daga gare ta ne waƙoƙin fim suka samo sunan nanaye. Tsofaffin ma suna da ciko, suna da ɗiyan da aka sa don kawai a kai ga amshi. Sannan tsofaffin waƙoƙin da muke ji yau zaɓaɓɓu ne da gidajen rediyo suka adana. Na banza na wancan zamanin sun bi iska, mu kuwa na yau muna jin su duka, da tsaba da ƙaiƙayi. A cikin mawaƙan yau akwai waɗanda suke zama su tsara baiti kamar masu rubutacciyar waƙa, ka ji siffa ta zauna daram.

Game da waƙarka ta cikin A Daidaita Sahu, ni ban ga laifin zuciyar da aka ciro ba, ma'anarta a fili take: ya sallama, ba shi da sauran iko da kansa. Shekara ba barci ma na karɓa, duk wanda so ya taɓa kamawa ya san daren da ake nufi. Ɗangon da ya biyo bayansu nake so ka sake saurara, ka turo mana shi. Idan an ce mata tauraruwa, mu duba ko akwai duhun da ta haska masa a cikin waƙar, ko kuwa an kawo ta ne don baitin baya ya ƙare da "wa".