Shekara shida ina jan Golf 3 a ranar Sakkwato

Ranar da na shigo da ita gida a Mabera, uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, motar haya ka sayo muna?" Ba ta yi ƙarya ba. Duk wanda ya taɓa zuwa Illela ko Birnin Kebbi ya san Golf 3: fasinja biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhunan albasa da igiya. Ni kuwa dalilin sayenta ke nan. Motar da ta jure wannan wahala, ɗaukar mu da yara huɗu ai hutu ne a wurinta.

Asalinta ma don mai ƙaramin ƙarfi aka yi ta. Volkswagen na Jamus ya fito da Golf ta farko a 1974 don ta gaji Beetle, mai siffar kunkuru ɗin nan da aka riƙa harhaɗawa a Legas zamanin iyayenmu. Beetle injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi. Wani ɗan Italiya, Giorgetto Giugiaro, ya zana sabuwar, aka dawo da injin gaba, aka kwantar da shi a gicciye, ruwa na sanyaya shi, tayoyin gaba na ja. Wannan gicciyewar ita ce sirrin: inji ya ci wuri kaɗan, ya bar wa mutane da kaya sauran. Shi ya sa ka ganta ƙarama daga waje, ka shiga ka miƙe ƙafa. Ta uku a jerin ta fito a 1991, ta zama motar shekara a Turai a 1992. Tawa mai dogon bayan nan ce, wadda ta biyo baya a 1993, mai injin 1.8 da giyar hannu biyar. Bara na naɗe kujerar baya na ɗauko ragon layya daga kasuwar Achida, har da buhun gero a gefensa.

Bazarar farko kam ta tsorata ni. Muna daf da Kware allurar zafi ta haye, na faka. Bakanike ya kwance lagireto ya ga tsatsa ta toshe shi, ya ce, "Malam, ba laihinta na ba, ruwan rijiya anka daɗe ana ba ta." Aka wanke, aka sauya fanka, magana ta ƙare. Ya so kuma ya cire mata injekta, na'urar da ke ba inji mai, ya sa kafireto a madadinta, kamar yadda direbobin haya da yawa ke yi. Na ƙi. Mai ya yi tsadar da ba zan ƙara mata ƙishirwa da hannuna ba.

Kayan gyaranta kuwa, albarkacin 'yan haya, har a ƙauye sai ka samu na hannu.

Inda take ban haushi shi ne gajarta, cikinta daf da ƙasa yake. Titin Jamus aka auna mata, ba lungunanmu na Mabera da damina ba. In ruwa ya kwanta, gara in bar ta a gida in hau kabukabu. Na'urar sanyi ma a mace na same ta, ban kuma tashe ta ba, gilas muke saukewa.

Har yau in na bi ta gaban tasha sai wani ya ɗaga mani hannu yana cewa "Illela?" Direbobi biyu sun taya ta a bana. Uwargidan da ta kira ta motar haya ce ta hana a sayar.