Hattara da masu sayar da yawon cin amarci zuwa tsibirin Sardiniya

Assalamu alaikum. Ban saba fito da maganar gida waje ba, sai da na nemi izinin ƙanina kafin na rubuta wannan, ya ce in faɗa ko Allah zai sa wani ya tsira. An damfare shi naira miliyan 4 da dubu 200, kuma wadda ta yi masa haka har yanzu tana kasuwarta a Instagram.

An sa bikinsa watan Disamba. Tun Satumba ya ci karo da wani shafi cike da hotunan ruwa garai-garai har ana hango yashin ƙasa, da jiragen ruwa na alfarma a jere, da ɗakunan otal masu kallon teku. Wurin shi ne Porto Cervo, a gaɓar Costa Smeralda da ke arewa maso gabashin Sardiniya, tsibirin ƙasar Italiya a tekun Bahar Rum. Tallan ya ce kwana 6 na ango da amarya: tikiti, biza, otal mai tauraro 5, da wuni guda a jirgin ruwa, duk a dunƙule. Ya tura saƙo, wata mata ta amsa masa ta WhatsApp da saƙon murya mai daɗin ji, "ango ango, Allah ya sanya alheri," kowace jimla da in sha Allahu a ƙarshenta. Da ya yi maganar abinci sai ta ce kada ya damu, ai wurin na Larabawan Qatar ne.

Wannan maganar ce ta kama shi, domin akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Marigayi Aga Khan na Huɗu, shugaban Musulmi 'yan Isma'iliyya, shi ne ya jagoranci gina Costa Smeralda tun 1962, lokacin da yankin ba kowa sai duwatsu da makiyaya, kuma a 2012 kamfanin zuba jari na Qatar ya sayi manyan otal-otal ɗin wurin. Ƙanina ya duba intanet ya ga haka ne, sai ya saki jiki. Da ta ce saura gurbi 2 kacal, a daren ya tura rabin kuɗin.

Bai gaya mini ba sai Nuwamba, wai so yake ya ba kowa mamaki. Ya miƙo mini waya yana murmushi ya ce, "Yaya, ka ga inda za mu." Da na ga ranar tafiya, 20 ga Disamba, gabana ya faɗi.

Na yi karatu a Italiya, kuma na taɓa zuwa Sardiniya sau ɗaya, ba irin zuwan masu kuɗi ba. Jirgin ruwan dare na hau daga Civitavecchia kusa da birnin Rum, na wayi gari a Olbia, na kama ɗaki mai sauƙi a can, na hau bas zuwa Porto Cervo na sha kallo na dawo. Abin da duk wanda ya je ya sani shi ne garin na lokacin zafi ne. Yuli da Agusta ba masaka tsinke, ɗaki ɗaya a manyan otal ɗin yakan haura Yuro 1,000 a kwana. Daga wajen Oktoba kuwa sai otal-otal da shagunan alfarma su ja ƙofa, sai kuma bayan hunturu. A Disamba sanyi ne da iska da ruwan sama, ba mai shiga teku. Ta sayar masa da ɗaki a lokacin da otal-otal ke kulle, a kan kuɗin da a lokacin kasuwa ko kuɗin kwanan bai kai ba, balle tikitin mutum biyu.

Na ce ya nuna mini takardun. Tikitin yana da tambarin kamfanin jirgi da lambar ajiyar kujera mai harufa 6, kuma ya rantse ranar da ta turo ya duba a shafin kamfanin ya ga sunansa. Na yarda da shi. Ejan na iya riƙe maka kujera na ɗan lokaci ba tare da biyan ko sisi ba, sunanka ya fito tsaf, bayan kwana ɗaya ko biyu ta goge da kanta. Tikitin da aka biya yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 13. Nasa babu ita. Muka sake duba waccan lambar, ko sama ko ƙasa.

Bizar kuwa ita ta fi ban takaici. Takarda ce aka turo ta WhatsApp da hotonsa da tutar Italiya a sama. Jama'a, Italiya tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuma bizarsu a yanzu manna ta ake yi a cikin fasfo. Mai nema karon farko dole ya je da ƙafarsa a ɗauki hoton yatsunsa. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, ana buƙatar inshorar lafiya mai iya biyan kuɗin magani aƙalla Yuro 30,000, kuma amsa takan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Ofishin jakadancin ne ke yanke hukunci, yana Abuja, ƙaramin ofishinsa yana Legas. Duk ejan da ya ce maka "biza tabbas ce" ko "ba sai ka je ba, muna da mutum a ciki," ka tashi ka ba shi wuri. Fasfon ƙanina bai taɓa barin durowarsa ba.

Na sa ya kira ta a gabana. Na karɓi wayar na ce, "Hajiya, don Allah sunan otal ɗin da lambar CIN ɗinsa nake so." Lamba ce da hukumomin Italiya suka wajabta tun farkon 2025 ga otal da gidajen haya na 'yan yawon buɗe ido, a sa ta a jikin talla. Ta yi dariya ta ce, "Alhaji, ai wannan sirrin kamfani ne." Na ce to adireshin ofishinku da lambar rajistarku ta CAC. Ta ce tana taro, za ta kira. Bayan la'asar hotonta ya ɓace daga WhatsApp ɗinsa.

Sai a lokacin ya lura asusun da ya tura kuɗin sau uku sunan wani namiji ne, ba na kamfani ba, ta ce masa akawunsu ne. Na ukun ma wai "harajin shiga tsibiri" ne, naira dubu 200. Ba abin da ake biya da wannan suna daga Najeriya. Harajin kwana da garuruwan Italiya ke karɓa 'yan Yuro ne, a otal ake biya.

Mun kai ƙara banki da rasit da hotunan hirarsu, mun kuma rubuta wa EFCC. A banki suka ce da a ranar aka zo da an fi sa ran tare kuɗin, yanzu wata biyu sun shuɗe. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Hoton shafin fasfonsa da na amaryar, da takardar bayanin asusunsa ta wata 6, duk suna hannunsu, kuma da irinsu ake ruɗar na gaba.

Wanda ke da hali yana son zuwa, Sardiniya wuri ne mai kyau, ban hana kowa ba. Ya nufi tsakanin Yuni da Satumba, ya nemi bizarsa da kansa da wuri, ya rubuta wa otal kai tsaye ta adireshin da ke shafinsu. In ta hannun ejan ne, a taka a je ofishinsa, a duba sunansa a shafin CAC, a tambaya ko yana cikin NANTA, ƙungiyar ejan-ejan tafiye-tafiye ta Najeriya, kuma kada a tura kuɗi asusun mutum.

Shafin ya canza suna sau biyu tun daga lokacin, shi ya sa ban kawo suna ba, yanzu har tsibirin Santorini na Girka da Umra yake tallatawa. Amma akwai hoton da ba su cire ba, da shi za ku gane su: hannun mace da lalle riƙe da kwalbar farin yashi, an rubuta "tsarabar amarenmu daga Sardiniya." Tun 2017 dokar tsibirin ta haramta ɗibar yashi ko tsakuwa ko ƙwaryar kifin bakin teku, tarar daga Yuro 500 zuwa 3,000 ce, kuma a filin jirgin Olbia suna bincika jaka.