Sharhina kan maganin litiyam: yana aiki, amma sai da sa ido

Ciwon baifola, mai jefa mutum tsakanin zumuɗi da tsananin damuwa, ba iri ɗaya ba ne. Nawa nau'i na ɗaya ne, wanda zumuɗinsa kan kai mako guda ko fiye, ko ya kai mutum gadon asibiti. Ba barci, ba gajiya, surutu ba tsayawa, kuɗi kuwa ba ya kwana a aljihu. A nau'i na biyu zumuɗin bai kai haka ba, damuwar ce ke kayar da mutum. Akwai na uku, hawa da sauka marasa tsanani da ke jan aƙalla shekara biyu.

Likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora ni a kan litiyam, tsohon magani ne, tun 1949 wani likitan Ostareliya, John Cade, ya nuna amfaninsa. Gaskiya ya yi mini rana. Barci ya dawo, ina iya gama aikin da na fara, 'yan gida sun daina kallona da fargaba.

Sai dai yana da nasa. Ƙishirwa ba a magana, fitsari kuma ya hana ka sakat cikin dare. Hannuna yakan yi 'yar rawa, har sa hannu a takarda sai na danne biro. Na kuma ƙara ƙiba.

Abin da ya fi gundurata shi ne gwajin jini. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce, shi ya sa ake ɗibar jini awa 12 bayan shan ƙwayar ƙarshe, a kuma riƙa duba ƙoda da tayirod, wato ƙullutun da ke gaban wuya mai samar da sinadaran jiki. Maganin ciwon jiki irin su ibufurofen na daina taɓawa, don suna ɗaga litiyam a jini. Haka ma gudawa, amai ko yawan gumi suna ɗaga shi.

Zan ba shi yabo, amma ba zan ce kowa ya nema ba. Wanda damuwa ta fi damunsa, likita kan iya zaɓar masa lamotirijin ko kwetiyafin. Balfurowet kuma, wani maganin baifola, yana da haɗari ga ɗan tayi, mai shirin ɗaukar ciki ta faɗa wa likita tun wuri. Maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da zumuɗi. Mai shan litiyam kuma kada ya yanke shi farat ɗaya saboda ya ga ya samu sauƙi, ciwon kan dawo da sauri.