Maniyyin tarwada na cikin ƙanƙara, ya cancanci kuɗinsa ko a'a?

Duk mai ƙyanƙyasar tarwada ya san namiji ba ya matsuwa kamar mace, dole sai ka yanka shi ka ciro 'ya'yan maraina, kuma wani sa'in ka kashe ƙaton kifin da ka daɗe kana ciyarwa ka tarar da abin fayau kamar ruwa, alhali macen ka riga ka yi mata allurar Ovaprim mai sa ƙwai su nuna tun daren jiya, rabin mililita a kowane kilo, ƙwai na jira. Shi ya sa da wani yaro da ya karanci harkar kifi a jami'a ya fara kawo daskararren maniyyi nan Sakkwato munka ce bari mu gwada.

Yana zuwa da shi cikin tulun ƙarfe mai ruwan naitirojin, sanyinsa digiri 196 ƙasa da sifili, yana buɗewa hayaƙi fari ya tashi. Maniyyin na cikin 'yan siraran bututai, ya ciro ɗaya da hantsaki ya tsoma a ruwan ɗumi 'yan daƙiƙu, ya yanke baki ya tsiyaye kan ƙwai mu juya da gashin kaza. Ba wasa a nan wallahi, don da ruwa ya taɓa maniyyin kifi motsinsa da wuya ya wuce minti guda.

Abin da yake tallatawa shi ne ya sa bitamin C da E cikin ruwan da ake haɗa maniyyin da shi kafin a daskarar. Kuma akwai gaskiya ciki, fatar ƙwayar maniyyin kifi mai ce ke gare ta da yawa, daskarewa da narkewa na tado wasu sinadaran iskar oksijin masu cinye wanga mai su lalata wutsiya har da DNA, to bitamin ɗin su ke tare su. Amma hwa ba su ne ke hana ƙanƙara fasa ƙwayar ba, wannan aikin wasu sinadarai ne daban da ake haɗawa ciki, DMSO ko metanol. Kuma in an cika bitamin ɗin ɓarna yake yi, don haka masu cewa za su daka ƙwayar kemis su zuba, ku rufa wa kanku asiri.

Ƙwai sun ƙyanƙyashe, bai kai na sabon namiji mai kyau ba, matattun da sunka yi fari a kan raga sun ɗan fi yawa, amma 'ya'yan da sunka fito garau suke suna cin atimiya, 'yan ƙananan ƙwarin ruwa da ake ba jariran kifi.

Inda nake da ƙorafi kuɗi ne da naitirojin. Ƙonewa yake yi kullum ko ba a buɗe tulun ba, ga zafin Afrilu na garin nan da ke haura digiri 40, in ya ƙafe ba a ƙara ba komai ya tashi aiki. Mai babbar gona da ke son adana irin wani namiji nagari, ko mai haɗa tarwada da ramboshi, ya kira yaron. Mai tanki biyu a bayan gida ya ci gaba da kiwon mazansa ya fi mishi sauƙi.