Sharhi: Intralipid da prednisolone bayan dashen IVF ya ƙi kamawa

Idan aka yi wa mace dashen ɗan tayi na IVF (wanda ake haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji) sau uku ko huɗu bai kama ba, sai a fara ce mata wai garkuwar jikinta ce ke yaƙar cikin. Daga nan a auna ƙwayoyin NK (wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki) a jininta, a rubuta mata Intralipid da prednisolone. Mun ga yadda ake ba da su, kuma a ganinmu ba su kai kuɗin da ake zuba musu ba.

Intralipid man waken suya ne da sinadarin ƙwanduwar ƙwai, asalinsa abinci ne ta jijiya ga majinyacin da ba ya iya ci. Akan zuba mil 100 na mai ƙarfin kashi 20 cikin ledar ruwan gishiri, ya shiga a hankali kamar awa biyu, mako guda kafin dashe, a maimaita idan gwaji ya nuna ciki. Yawanci ba ya wahalarwa, sai ɗan zazzaɓi ko ciwon kai. Wadda jikinta ba ya son ƙwai ko waken suya kada ta kusance shi.

Matsalar tun daga gwajin take. Ƙwayoyin NK na jini daban suke da na cikin mahaifa, kuma na mahaifar taimakawa suke wajen kafuwar mabiyiya. Hukumar HFEA mai kula da asibitocin IVF a Birtaniya ta sa wa magungunan steroid irin prednisolone jar alama ta gargaɗi, ƙungiyar ESHRE ta masanan haihuwa a Turai ma a 2023 ba ta ba da shawarar Intralipid ba.

Prednisolone, maganin steroid mai danne garkuwar jiki, ya fi tayar mana da hankali. A binciken Chaina da mujallar JAMA ta buga a 2023, mata 715 ne, an ba rabinsu miligiram 10 na ɗan'uwansa prednisone kullum. Haihuwa ba ta ƙaru ba, sai ma alamun ƙaruwar haihuwar bakwaini. Ga tayar da suga da hawan jini, kuma ba a yanke shi lokaci guda, a hankali ake ragewa.

Inda muka yarda da magani shi ne cutar daskarewar jini ta antiphospholipid, bayan gwaji biyu da tazarar mako 12. Nan allurar heparin mai tsinka jini da ƙaramin asfirin suna aiki.

'Yar'uwa, kafin ki biya kuɗin ƙarin ruwan nan, ki nemi a leƙa cikin mahaifa da kyamara ko akwai tsiro, a duba ko ruwa ya taru a bututun ƙwai, a auna sinadarin thyroid na maƙoshi, a sake duba maniyyin maigida. Sau da yawa, musamman bayan shekara 38, matsalar daga halittar ɗan tayin take.