KoboCollect: ɗalibai ku shiga binciken malamanku tun kafin aji huɗu

Duk ɗalibin jami'a da ya ji wani malami na neman masu tattara mishi bayanai, don Allah kar ka ce ba lokaci, ka kai sunanka kawai. A irin wannan aikin na san KoboCollect ina aji uku, muna bin gida gida muna tambayar mutane inda suke samun ruwan sha.

Manhajar Android ce ta cike fom ɗin tambayoyin bincike a waya, kyauta a Play Store, ɓangare ce ta KoboToolbox da aka haɓaka a jami'ar Harvard ta Amurka. Abin da ya fi burge ni ba ruwanta da netwok, ka cike fom ɗinka a ƙauyen da ko kira ba ya shiga, ka adana, in ka dawo gari ka kunna data ka tura gaba ɗaya. In magidanci ya ce ba shi da rijiya to tambayoyin rijiya ba za su ma fito ba, kuma fom ɗaya ana iya sa mishi Hausa da Turanci ka juya wanda kake so. In an sa tambayar GPS tana ɗaukar wurin da aka yi hirar, kenan ba zancen zama gindin bishiya ka cike fom ashirin da ka, malam zai gani. Ni wallahi wannan ya yi min.

Amma ribar gaske ba a wayar take ba. Nan na koyi neman izinin mutum kafin tambaya, da fara zuwa gaida mai unguwa, da dalilin da ya sa dole tawaga ta haɗa da ɗalibai mata, tunda gidan da aka rubuta ba shiga su kaɗai ke isa wurin matan gida, kuma matan ne suka san jarka nawa ake saye wurin mai ruwa kullum. Da furojek ɗina ya zo, abokaina na ta kashe kuɗin fotokwafi suna shigar da amsoshi ɗaya bayan ɗaya, ni sauke nawa na yi a Excel na wuce babi na huɗu. Malamin nan kuma shi ya rubuta min takardar shaida da na nemi mastas.

Masu iPhone sai dai ku buɗe fom ɗin ta burauza. Kuma ku tafi da fawa banki, GPS na shan caji sosai.